Manchesta: Wa Ya Cancanci Gurbin Bakin Ƙofa?

Idan aka ambaci Manchesta a majalisar matasanmu, ƙwallon ƙafa ce ke fara faɗo wa kowa a rai, sai a rabu biyu, masu ja da masu shuɗi, a yi ta musu har dare ya raba. Waɗanda suka karanta tarihi kuwa da masaƙu suka san birnin, domin a nan aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, wadda ta riƙa sayen audugar ƙasar Zazzau da Katsina. A makonni ukun da na yi a can cikin watan Nuwamba na ga filayen wasan, na kuma ga tsofaffin masaƙun jan bulo da aka mayar gidajen kwana da ofisoshi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne ƙwarai, wato fentin da aka shafa a kan kwalta a farfajiyar manyan kantuna, mai faɗa wa direba inda zai ajiye motarsa da inda ba nasa ba ne.

A Ingila, mai sayayyar mako yakan tafi da mota zuwa ɗaya daga cikin manyan kantuna irin su Tesco da Asda da Sainsbury's, kowanne da filin ajiye motoci mai cin ɗaruruwa. Katafariyar cibiyar kasuwanci ta Trafford, wadda aka buɗe a 1998 yamma da birnin, gurabenta sun haura 10,000. Duk inda ka shiga tsarin kusan ɗaya ne. Layin da ya fi kusa da ƙofa na masu buƙata ta musamman ne. An zana hoton mutum a kan keken guragu a tsakiyar kowane gurbi, an kuma ja layuka masu ruwan ɗorawa a gefe, inda ba a yarda tayar kowa ta hau ba. Wannan hoto da duniya ta saba da shi, wata ɗalibar zane 'yar ƙasar Denmak mai suna Susanne Koefoed ce ta ƙirƙiro shi a 1968. Kusa da su akwai guraben iyaye masu ƙananan yara, da hoton babba riƙe da hannun yaro ko yana tura keken jariri. Bayan waɗannan ne sauran jama'a ke neman nasu, har can ƙarshen fili.

Nisa yana da tsada a wannan gari. Ruwan Manchesta ba irin namu ba ne da ke zuwa da hadari da tsawa, ya zuba ya ɗauke. Yayyafi ne mai naci, da iska mai ratsa riga, kuma a ƙarshen Nuwamba kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya riga ya shiga. Saboda haka gurbin bakin ƙofa abin so ne ga kowa, kuma abin da kowa ke so, in aka ba wani aka hana wani, sai an yi magana.

Maganar kuwa na ji ta tun a cikin motar mai masaukina, wani abokin karatuna da ya daɗe a birnin har 'ya'yansa suka girma. Wata Asabar mun zagaya filin wani kanti sau uku ba mu sami wuri ba, ga gurabe biyar a bakin ƙofa babu kowa a cikinsu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ga abin da nake gaya maka? Na masu larura na yarda, wannan ba abin musu ba ne. Amma na iyaye fa? Mu da muka yi renon namu a garin nan, wa ya ware mana wuri?" Uwargidansa tana kujerar baya, sai ta ce, "Alhaji, kai ka yi renon ko ni? Ka taɓa fito da jariri daga kujerarsa, ƙofa ba ta buɗuwa, ga wani yana neman ƙwacewa ya shiga titi?" Muka yi dariya, shi kuwa ya ce a bar maganar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙorafin nasa ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Daga abin da na ji a bakin mutane, hujjojin masu adawa huɗu ne. Wasu na cewa kuɗin kowa ɗaya ne a wurin mai kanti, don haka wanda ya riga zuwa shi ya kamata ya riga samu. Wasu na cewa guraben sun yi yawa, kullum a wofi ake ganinsu. Wasu na cewa naƙasa ƙaddara ce, haihuwa kuwa mutum ne ya zaɓa, bai kamata zaɓinsa ya zama wahalar wani ba. Na huɗu su ne masu cewa tsarin ya zama kasuwar 'yan damfara, ƙato mai jini a jika ya ɗauko katin kakarsa ya shige gaba. Na ga hanya mafi sauƙi ta auna waɗannan maganganu ita ce a jingine tausayi tukuna, a ɗauko igiyar awo.

Gurbin mota na gama-gari a Birtaniya faɗinsa mita 2.4 ne, tsawonsa mita 4.8. An daɗe da tsayar da wannan awo, motoci kuwa kullum ƙara jiki suke yi. Idan faɗin mota ya kai mita 1.8, abin da ya rage santimita 60 ne, wato 30 a kowane gefe. Haɗa da 30 na maƙwabcinka, in ya ajiye tasa daidai, ka sami santimita 60 na buɗe ƙofa. Mai lafiya yakan karkace ya zame ya fita. Keken guragu kuwa shi kansa faɗinsa ya kai wannan ko ya wuce. Shi ya sa ake ƙara wa gurbin masu buƙata ta musamman fili mai faɗin mita 1.2 a gefe, sau da yawa har da baya, saboda motocin da ake sauko da keke ta bayansu.

Gani ya kori ji. Wata safiya ina fake wa ruwa a ƙarƙashin rumfar wani kanti, wani magidanci ya shigo da motarsa ɗaya daga cikin guraben. Ya buɗe ƙofarsa har iyakarta, ya kwantar da kujerarsa baya, ya jawo gangar jikin keke daga kujerar gefe ta saman ƙirjinsa ya ajiye a ƙasa, ya ɗaura mata taya ɗaya, ya ɗaura ta biyu, ya ja birki, sannan ya dafa ya ɗaga kansa ya koma kan keken. Bai nemi taimakon kowa ba, kuma duk aikin bai ɗauke shi minti uku ba. Abin da ya sa ya iya shi ne waɗancan layuka masu ruwan ɗorawa. Da a gurbin gama-gari ya ajiye, ko da ya yi sa'a gefensa babu mota lokacin da ya sauka, in ya dawo ya tarar wani ya matse shi, ba shi da hanyar shiga motarsa sai mai waccan motar ya gama sayayya. Ga ni da kai, rasa gurbin bakin ƙofa ƙarin taku ne da jiƙewar riga. Ga wannan bawan Allah, rasa shi na nufin ya juya ya koma gida ba tare da cefane ba.

Bayan faɗi sai nisa. Izinin amfani da waɗannan gurabe shi ne wani shuɗin kati da ƙananan hukumomi ke bayarwa, wanda ake ajiyewa a gaban mota ta yadda jami'i zai gan shi ta gilashi. Ɗaya daga cikin ma'aunan da ke ba mutum katin kai tsaye a Ingila shi ne a tabbatar ba ya iya tafiyar da ta wuce mita 50. Wannan bai kai rabin tsawon filin ƙwallo ba. A babban filin ajiye motoci, daga ƙarshensa zuwa ƙofa ya ninka haka sau da yawa. Katin na mutum ne, ba na mota ba, yana ɗauke da hotonsa, kuma yana aiki ko shi ke tuƙi ko ɗauko shi aka yi. Yawanci shekara 3 yake yi kafin a sabunta, kuɗinsa a Ingila ba ya wuce fam 10, kuma yana ba mai shi damar tsayawa har awa 3 a gefen titin da aka ja wa layin hana tsayawa, muddin bai tare hanya ba. Masu riƙe da shi a Ingila sun haura miliyan 2.

Wannan kati yana da tarihi, kuma tarihin a Manchesta yake. Na hau jirgin cikin gari na Metrolink, wanda tashoshinsa keke yana shiga ba tare da hawa matakala ba, na nufi Wythenshawe, wata makekiyar unguwar gidajen talakawa a kudancin birnin, kusa da filin jirgin sama. Unguwa ce ta gidaje masu kama ɗaya da itatuwa da filayen ciyawa, babu wani abin da zai ja mai yawon buɗe ido. Amma ita ce mazaɓar Alf Morris, wanda ya wakilce ta a majalisar dokokin Birtaniya daga 1964 zuwa 1997. An haife shi a 1928 a unguwar Ancoats ta masaƙu. Mahaifinsa ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya babu ƙafa ɗaya, babu ido ɗaya, ga huhun da iskar guba ta lalata, ya yi ta jinya har ya rasu Alf yana ƙaramin yaro. Yaron da ya tashi a wannan gida shi ne ya gabatar da ƙudurin da ya zama dokar marasa lafiya da naƙasassu ta 1970, wadda daga cikinta katin ajiye mota ya fito a 1971. A lokacin launinsa ruwan lemo ne, sai a 2000 aka mayar da shi shuɗi. A 1974 aka naɗa Morris ministan farko mai kula da al'amuran naƙasassu, ya rasu a 2012. Wanda ya san yadda aka yi abin ya samu, da wuya ya kira shi gata.

Guraben iyaye kuwa asalinsu daban ne, kuma a nan mai masaukina yake da ƙamshin gaskiya. Babu dokar ƙasa da ta tilasta a yi su. Filin kanti mallakar mai kanti ne, shi ya ga dama ya ware, shi kuma ke gindaya sharaɗi, kamar shekarun yaron da za a zo da shi. In ka saɓa, kamfanin da ke kula da filin ne zai aiko maka da takardar biyan kuɗi bisa sharaɗin da aka rubuta a allon shiga. Na masu buƙata ta musamman yana da dokar daidaito ta 2010 a bayansa, wadda ta wajabta wa masu hulɗa da jama'a su yi gyaran da ya dace don naƙasasshe ya iya amfani da wurinsu. Na iyaye kuwa kyautatawa ce da aka gauraya da dabarar kasuwa, domin mai kanti ya san kwandon mai iyali ya fi na gwauro nauyi. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai kasancewar abu dabarar kasuwa bai hana shi zama mai amfani ba. Dokar Birtaniya ta ce dole yaro ya zauna a kujerarsa ta musamman a cikin mota har ya kai shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Ɗaure jariri a wannan kujera da kwance shi aiki ne da ke buƙatar babba ya sunkuya rabin jikinsa a cikin mota, ƙofa a wangale. Santimita 60 ba su isa ba. Abin da ke faruwa in babu faɗi shi ne ko dai ƙofa ta bugi motar maƙwabci, ko uwa ta bar keken jariri a bayan mota, a kan hanyar da wasu ke wucewa. Ga kuma yaro ɗan shekara uku, wanda tsayinsa bai kai inda direba mai baya-baya zai gan shi ba. Masu cewa haihuwa zaɓi ce sun manta cewa wanda ake karewa a nan yaron ne, shi kuwa bai zaɓi komai ba.

To amma igiyar awon da ta ba iyaye gaskiya a kan faɗi ba ta ba su a kan kusanci ba. Uwa mai lafiya da uba mai lafiya suna iya tafiyar mita 150, yaro a keke ko a hannu. Abin da suke buƙata shi ne gurbi mai faɗi da hanyar ƙafa mai shinge wadda za ta kai su ƙofa ba tare da sun ratsa tsakanin motoci ba. A ganina, da za a matsar da guraben iyaye ɗan nesa, a haɗa su da irin wannan hanya, da an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Iyaye za su sami abin da suke buƙata, mai son banza kuma ba zai ga abin kwaɗayi a gurbin da ke nesa ba, sai rigimar ta ragu. Bakin ƙofa a bar wa wanda mita 50 ke gagararsa.

Batun guraben da ake gani a wofi shi ma yana da amsa. Gurbin da aka ware don larura ba ya amfani sai in ana iya samunsa a lokacin da aka zo. Idan kullum a cike yake, to bai isa ba ke nan, kuma wanda ya zo na gaba zai koma. Ba a cewa an yi asarar motar kashe gobara don an gan ta a ajiye. Ana iya musu a kan adadi, ko gurabe ashirin ne suka dace da wani fili ko goma sha biyu, wannan aikin masu ƙidaya ne, kuma ya kamata a riƙa sake dubawa. Amma ganin biyar babu kowa da yammacin Asabar ba hujja ba ce ta soke su.

Saura 'yan damfara, kuma akwai su. Amfani da katin wani alhali mai shi ba ya cikin tafiyar laifi ne a Ingila, tararsa tana iya kai fam 1,000, a kuma ƙwace katin. Sai dai tsoron damfara ya haifar da wata cuta, wato kowa ya zama alƙali da idonsa. Na shaida wata rana wani dattijo ya tare wata matashiya da ta fito daga motarta a ɗaya daga cikin guraben, tana tafiya da ƙafafunta, ya ce mata wurin ba na irinta ba ne. Ba ta ce masa uffan ba, ta nuna masa katin da ke gaban gilashi, ta wuce a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Tun daga ƙarshen Agustan 2019 Ingila ta faɗaɗa tsarin ya haɗa da larurorin da ido ba ya gani, irin su ciwon mantuwa na tsufa da wasu larurorin ƙwaƙwalwa da ke sa tafiya a cikin motoci ta zama haɗari ga mai su. Kafin wannan ma akwai masu ciwon zuciya da na huhu. Mu da muka san amosanin jini a gidajenmu ba ma buƙatar dogon bayani, mun san yaron da ka gani tsaf da safe yana iya kasa ɗaga ƙafa da rana. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma labarin ciwo fuska takan ɓoye shi. Bincike aikin jami'in da aka ɗora wa ne, yana da ikon duba katin da hoton da ke bayansa.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, ina ruwanmu. Ruwanmu shi ne mu ma muna ware gurabe, bambancin kawai wa muke ware wa. Shiga harabar babbar ma'aikata ko asibiti ko jami'a a ƙasar nan, za ka ga rumfa mai inuwa a bakin ƙofa da alluna, wannan na shugaba, wannan na mataimakinsa, wannan na darakta, mutanen da galibinsu direba ke sauke su a kan matakala. Ban taɓa jin an ce wannan ya saɓa wa daidaito ba. Alhali muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi a ware musu gurabe masu alama a wuraren ajiye motoci na jama'a, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024.

Ba na kira a kwafo tsarin Manchesta yadda yake. Yawancin masu buƙata ta musamman a garuruwanmu ba da motarsu suke zuwa ba, a adaidaita sahu ake kawo su, ko a kan kekensu mai tuƙin hannu, iyayenmu mata kuma goyo suke yi. Abin ɗauka shi ne ma'aunin, a tambayi wa nisa ke hana shiga, wa matsi ke hana fita, a ba shi wurin da ya fi kusa. A wurinmu wannan na iya zama fili mai faɗi a bakin ƙofar asibiti ko banki inda adaidaita sahu zai tsaya ya sauke mai larura cikin natsuwa, da gangare maimakon matakala, da mai gadin da aka gaya wa cewa wurin ba na mai babbar mota ba ne. Kuɗinsa gwangwanin fenti ne da buhun siminti kaɗan. Shugaban ma'aikatar da ke son a ga dokar 2018 tana aiki ba sai ya jira kasafin baɗi ba, yana iya sa a cire allon da ke ɗauke da muƙaminsa a mayar da shi gurbi na biyu ko na uku, a bar na farkon ga wanda ya fi shi buƙata.